Me ya sa aman dutsen Ol Doinyo Lengai yake rikiɗewa ya koma fari?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum. Na ga hotunan dutsen Ol Doinyo Lengai da ke arewacin Tanzaniya, inda narkakken dutse yake fitowa baƙi ƙirin kamar tsohon man inji, amma bayan 'yan kwanaki sai ya koma fari fat. Ina roƙon malamai su bayyana mini asalinsa, da dalilin da ya sa irinsa ke da wuyar samu.

Malamin Duwatsu:
Wa alaikumus salam. Abin da kika gani sunansa natirokabonatait, kuma a yau babu wani dutse a duniya da ke aman irinsa sai wannan. Yawancin narkakken dutse silika (sinadarin da ke cikin yashi) ce ta fi yawa a cikinsa, shi kuwa wannan sodiyom da fotasiyom ne suka cika shi, wato dangin kanwa ne, shi ya sa yake shan danshin iska ya yi fari. Zafinsa bai wuce digiri 500 zuwa 600 ba, kusan rabin na sauran.

Asalinsa yana can ƙarƙashin ɓawon duniya. Idan dutsen wurin ya ɗan narke kaɗan, sinadaran alkali (irin su sodiyom da fotasiyom, ba alƙalin kotu ba) da iskar kabon ne suke fara shiga ruwan, sannan yayin da yake tasowa ta tsagar ƙasar Gabashin Afirka sai ya rabu gida biyu kamar yadda mai yake rabuwa da ruwa, ɗayan gidan shi ne natirokabonatait ɗin. Ga shi kuma ruwan sama yana narkar da shi, don haka ba ya daɗewa yadda ya fito.

Tsohon Mai Haƙar Kuza:
Malam, na ji ana cewa duwatsunmu na Jos da Ririwai su ma masu alkali ne. Ashe ke nan danginsu ɗaya?

Malamin Duwatsu:
Baba, akwai dangantaka, amma ta nesa ce. Namu giranait ne mai yawan silika, wanda ya daskare a hankali a ƙarƙashin tsofaffin duwatsu masu aman wuta, kuma ragowar ruwansa ne ya tara kuza da kwalambait ɗin da kuka haƙa. Jerinsu ya taso daga duwatsun Azbin a Nijar, waɗanda suka haura shekara miliyan 400, ya biyo ta Damagaram har Jos, inda ba su kai miliyan 200 ba.