Tafiyar hutu: me kuka gani a hanya?

Uwar Gida: Salamu alaikum 'yan'uwa. Hutu ya ƙarato, kuma ni duk lokacin da hanyoyi suka cika hankalina ba ya kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum miliyan 1.19 ke rasa rai duk shekara a haɗuran hanya, kuma babu abin da ya kai su kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. 'Ya'yanmu ke nan. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni gyangyaɗi na fi tsoro. Lokacin hutu fasinja sun yi yawa, direba ya sauke ya juyo ko runtsawa bai yi ba. Na taɓa bin bayan wata bas da asuba, tana karkata zuwa hannun da ba nata ba tana dawowa. Na yi ta haska masa fitila har ya tsaya. Idonsa jawur, amma ya rantse mini bai yi barci ba, kuma har ga Allah bai san ya yi ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ya rufe ido daƙiƙa uku, ta ci sama da mita 80 ba mai riƙe da ita.

Ɗalibi: Baba, to idan mutum ya sauke gilashi ya ƙure rediyo fa? Haka yayana yake yi.

Tsohon Direba: Ɗana, barci ɓarawo ne, iska ba ta korar sa. Ka gaya wa yayanka ya sauka daga titi a wuri mai aminci ya kwanta minti 15 zuwa 20. Kuma duk awa biyu ya huta, ko bai ji gajiya ba.

Bakanike: Motocin da ake jawo mini bayan hutu, da yawa taya ce ta fashe. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna lokacin da aka ƙera ta: misali, 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Zanen taya na iya zama da kyau alhali robar ta tsufa ta tsattsage. A gwada iska kafin a tashi, taya na da sanyi, har da safaya.

Ma'aikaciyar Jinya: Malam ya yi gaskiya. Ni a ɗakin gaggawa nake, abin da ya fi ci mini rai 'yan kujerar baya ne. Sun ɗauka bel na mutanen gaba ne, sai birki ya wurgo su kan na gaban. Na karɓi uwar da ta rungume jaririnta a cinya. Ita ta tsira da ƙujewa, hannu kuwa bai iya riƙe shi ba. Kuma idan kun iske haɗari, kada ku fizgo mai rauni sai in akwai wuta, don wuya ko kashin baya na iya kasancewa a karye.

Uwar Gida: Innalillahi. To mu fasinja fa, idan direba na sheƙa gudu ko yana danna waya?

'Yar Kasuwa: Ki yi magana, Yaya. Na taɓa roƙon wani ya rage gudu a kwana, wasu suka taso mini wai ina ɓata musu lokaci. Wani dattijo ya goya mini baya, sai sauran ma suka sa baki. Ashe duk a tsorace suke. Ya rage, kuma ya miƙa wa na kusa da shi wayar.