Horon kashe gobara a masana'anta: me aka koya muku, me kuka gani da jiniya ta tashi?

Jami'in kiyaye haɗurra:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ɗora min sake tsara horon kashe gobara a wurin aikinmu, masana'antar fenti ce, sito cike da sinadarai masu saurin kama wuta. Takardu kam ina da su tuli. Ƙa'idar NFPA 600 ta ƙungiyar kiyaye gobara ta Amurka ta kasa masu kashe gobara na masana'anta hawa-hawa: masu tarar wuta tun tana ƙarama da kayan aikinsu na yau da kullum, masu yaƙarta daga waje da mesa da kumfa, sai masu shiga cikin gini da silindar numfashi. Dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta ce a yi horo aƙalla sau ɗaya a shekara, masu shiga ciki kuwa duk bayan wata uku. Abin da nake nema a wurinku shi ne wanda ba ya cikin takarda. Wanda ya taɓa ganin gobara ko ɓallewar gas a wurin aiki, me horon ya tsinana masa, a ina kuma ya bar shi?

Ma'aikacin dare a masaƙa:
Wa alaikumus salam yallaɓai. Mu atisayenmu da hantsi ake yi, kuma tun ana saura mako kowa ya san ranar. A fito a jere ana raha, a ɗauki hoto, a sa hannu a rajista. Da wutar gaske ta zo, cikin dare ta zo, daga ƙurar auduga da ta taru a kan wani injin da ya yi zafi. Mun fita lafiya, amma a matattara aka yi cirko-cirko, domin takardar kiran suna da mai gadi ya ɗauko ta masu aikin rana ce. 'Yan kwangila masu shara kuwa ba su cikin kowace takarda. Mutum biyu har sun juya za su koma cikin hayaƙi neman wani yaro, ashe tun farkon dare ya nemi izini ya tafi gida. Allah ne ya kiyaye, wani ya tuna ya kira shi a waya. In za ka gyara abu ɗaya, ka gyara wannan: a kowace sa'a a san wa ke ciki.

Tsohon ɗan kwana-kwana:
Ɗana, ka ji maganar mai masaƙa da kyau. Ni kuma bari in yi maka ta hannu. Na sha zuwa masana'antu in tarar kowa yana da satifiket, amma ba wanda ya taɓa zare fil ɗin tukunyar kashe gobara. A majigi aka nuna musu. Ranar da na kunna musu ɗan mai a cikin faranti na ƙarfe, sai ka ga ƙato yana fesa hoda a saman harshen wuta maimakon gindinta, tukunyar ta ƙare yana tsaye yana girgiza ta. Ba su san cewa ƙaramar tukunya ba ta kai ko rabin minti ba. Wani kuma ya bar wutar tsakaninsa da ƙofa. Waɗannan ba a koyon su da kunne, sai zafin ya daki fuskar mutum.

Amma abin da ya fi ci min rai, ana koya wa mutane yadda ake kashewa, ba a koya musu lokacin da ake ja da baya. A garin West na jihar Texas, a watan Afrilun 2013, gobara ta tashi a wata ma'ajiyar takin zamani, sinadarin amoniyam naitiret ya fashe, mutum 15 suka mutu, 12 daga cikinsu masu kai ɗauki ne. A tashar ruwan Tianjin ta Sin a 2015 an rasa mutum 173, fiye da 100 'yan kwana-kwana. A Tacoa ta Banizuwela a 1982, tankin mai yana ci, jama'a sun matso suna ganin an kusa shawo kansa, sai zafi ya isa ruwan da ke kwance a gindin tankin, ya zama tururi, ya watso mai mai ci a kansu. Duk waɗannan ba ragwaye ba ne, jarumtarsu ce ta kai su kusa. Don haka darasin farko a wurinka shi ne kowa ya san abin da ke cikin kowane ganga da kowane tanki, wanne ruwa ke kashewa, wanne ruwa ke ƙara wa fushi. Kuma shugaban tawaga ya sami ikon cewa a janye ba tare da jiran manaja ba.

Sabon ma'aikaci:
Baba, to kwas ɗin 'yan kwanaki da aka tura mu, muka dawo da takarda, bai isa mutum ya shiga gini mai ci ba ke nan?

Tsohon ɗan kwana-kwana:
Bai isa ba. Ka kashe ƙaramar wuta in kana da hanyar fita a bayanka, ka buga jiniya, ka fita. Iyakarka ke nan, kuma ba abin kunya ba ne.

Mai aikin matatar mai:
Ƙanena, bari in ƙara maka a kan ta Baba. Silindar numfashin da aka rubuta mata minti 30, in kana hawa matattakala da kaya a jiki kana haki, da wuya ta kai ka 20. Mu malaminmu rufe mana gilashin takunkumi yake yi da baƙar leda, ya sa mu bin mesa da lalube har mu fita, yana ƙwala mana ihu a kunne. A nan ne wasu suka gane ba za su iya jure takunkumi a fuska ba, aka mayar da su aikin famfo da oba-oba. Ba ƙasƙanci ba ne, aikin waje ma rai yake riƙewa, tunda ƙa'ida ita ce in biyu sun shiga, biyu na tsaye a waje da shirinsu. Maganar gemu ma haka aka warware ta a wurinmu. Takunkumi ba ya kama fuska in akwai gashi a inda robar ke zama, saboda haka wanda ba zai rage ba sai a ba shi aikin waje, ba rigima.

Sai gas. Mu babban abin tsoronmu H2S ne, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mugun halinsa, in ya yi yawa sai ya kashe hancin mutum, ka daina jin warin ka zaci ya wuce. Ya fi iska nauyi, yana kwanciya a rami da kwalbati. Na ga ranar da ƙararrawa ta yi kuka, rabin mutane suka ruga matattarar da suka saba, wadda a ranar iska ke kaɗa gas ɗin can. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi tutar iska. Tun daga nan aka yi matattara biyu. Haka kuma in abokin aikinka ya faɗi a cikin tanki, zuciya za ta ce ka dira. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken haɗurran wurin aiki, ta yi gargaɗi tun 1986 cewa sama da rabin masu mutuwa a irin waɗannan ƙuntatattun wurare masu ƙoƙarin ceto ne.

Injiniyar gyaran injuna:
Ni ta ɓangaren kaya zan zo, don horo ba ya amfani in mesa ta buɗe ba ruwa. Famfon gobara mai injin dizal ana son a tayar da shi kowane mako, ya yi rabin sa'a yana aiki. Da na karɓi aiki a wata masana'anta, rajistar gwajin cike take da sa hannu, amma batirin injin ya daɗe da mutuwa, kuma wani bawul na babban bututu a rufe yake tun wani gyara da ba wanda ya tuna. Ku tuna Piper Alpha, dandalin haƙar mai a Tekun Arewa, a watan Yulin 1988. An cire famfunan gobara daga tashi da kansu saboda masu nutso da ke aiki a ruwa, da wuta ta tashi ba wanda ya iya isa gare su. Mutum 167 suka rasu, da yawansu a ɗakunan kwana suna jiran umarnin da bai zo ba.

Abu na biyu, ku gayyaci 'yan kwana-kwanan gari su shigo su zaga tun lafiya lau. Mu sai da suka zo atisaye aka ga bakin mesarsu bai dace da bakin famfonmu ba, motarsu kuma ba ta iya juyawa a bayan sito saboda tulin fanko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jami'in kiyaye haɗurra:
Na gode ƙwarai Hajiya, gobe da famfon zan fara. Baba, matsalata ɗaya: manaja ya ƙi atisayen ba-zata, wai aiki zai tsaya kuma wani zai iya jin ciwo a turmutsutsu.

Tsohon ɗan kwana-kwana:
Yana da 'yar gaskiya, akwai injinan da ba a bari haka nan a gudu. Ka sanar da shugaban ɗakin sarrafa injuna da 'yan kwana-kwanan gari kaɗai, ka ware waɗanda za su tsaya su kashe injin bisa tsari, sauran kada su sani. Ka yi shi da dare, ka yi shi a lokacin canjin aiki. Ka sa mutum ya tsaya a babbar ƙofar da kowa ya saba bi, riƙe da kwali an rubuta nan wuta ce, ka ga ko sun san ta biyu. Ka ɓoye mutum ɗaya a ofishinka, sannan ka riƙe agogo ka ga minti nawa za a yi kafin mai kiran suna ya gane babu shi. Sakamakon ka kai wa manajan a rubuce.