Tiredin sandar tayar gaba ta tsohuwar Beetle ya lalace: a gyara ko a canja?

Magajin Beetle, Gusau

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin tsofaffin motoci. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana Volkswagen Beetle ƙirar 1972, wadda na yi niyyar tayarwa bayan ta shekara da shekaru a jingine a Tudun Wada. Da muka zo canja boris na tayar gaba ta hagu, yaron garejin ya yi ta fama da notin da ke riƙe duram ya ƙi kwantuwa, har ya sa guduma ya fitar da shi da ƙarfi. Yanzu bakin sandar da tayar ke juyawa a kanta ya baje, layi uku na farko na tiredin, wato zaren da noti ke hawa a kansa, sun kwanta, noti kuma ba ya hawa ko kaɗan, amma sauran tiredin na ciki lafiyarsa ƙalau. Shin wannan yana gyaruwa, ko sai na nemi wata sandar?

Tsohon bakanike, Ƙauran Namoda

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinka. Yaron nan ɗaure notin yake yi alhali yana zaton kwancewa yake, domin a Beetle tiredin sandar hagu na hagu ne, wato ana kwance shi ta inda ake ɗaure sauran notuna. An yi shi haka ne saboda juyawar taya idan mota na tafiya gaba kada ta riƙa jan notin zuwa kwancewa. Ban da haka, notin na ƙirar 1966 zuwa sama yana da ƙaramin ƙusa a gefe da ke matse shi, wanda dole a sassauta tukuna.

Tunda layi uku ne kawai suka kwanta, aikin magagari ne da haƙuri. Ka fara da goge bakin da ya baje har ya ɗan yi tsini kamar yadda yake a da. Sannan ka ɗauki ƙaramin magagari mai kusurwa uku, wanda kusurwarsa ta digiri 60 ta yi daidai da ramin tiredi, ka riƙa bin ramin daga wurin da yake da lafiya kana fitowa waje, ba daga waje kana shiga ba. Girman tiredin milimita 16 ne, tazarar layi 1.5. Idan ka samu tsohon noti na hagu, ka raba shi biyu da zarto, ka haɗa shi a kan tiredin mai kyau, ka matse, ka sa mai, ka juyo shi waje a hankali. Shi zai miƙar da layukan da suka kwanta ba tare da ya ci ƙarfe mai yawa ba. Kada ka bari a ɗora masa abin yanka tiredi daga baki, domin idan ya hau a karkace sabon layi zai yanka a kan tsohon, ka rasa duka biyun.

Mai walda, Talata Mafara

Da izinin Baba, ni a ganina a cike wurin da walda, a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su fitar da sabon tiredi, ya fi sauri. Mun sha yin haka a kan sandunan amalanke da na injin niƙa.

Tsohon bakanike, Ƙauran Namoda

Malam, amalanke daban, motar da za ta ɗauki iyali a titin Funtuwa daban. Wannan sandar an ƙera ta ne an gasa ta a masana'anta domin ta yi ƙarfi ba tare da ta yi gautsi ba, zafin walda kuwa yana canja wannan yanayin a daidai inda boris na waje yake zama. Ga shi kuma ta hagun rami ce da ita a tsakiya, tunda ta cikinta wayar agogon gudu take bi ta fito a murfin giris, saboda haka namanta bai kai na ta dama ba. Tsagewar da walda ke bari ba a ganinta da ido sai ranar da taya ta rabu da mota. Idan tiredin da noti ke zama a kansa ya cinye, a nemi wata sandar a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a tabbatar ta hagu ce, sannan a sake saita ƙafafun gaba bayan an ɗaura.

Magajin Beetle, Gusau

Na gode ƙwarai, Baba. Na bi hanyar magagari da rabin noti, kuma bayan kusan awa biyu sabon noti ya hau da hannu har ƙarshe ba tare da ya cije ba. Sai dai ban san iya ƙarfin da zan ɗaure shi ba.

Tsohon bakanike, Ƙauran Namoda

Wannan notin ba a ɗaure shi tam. Ka matse shi kana juya tayar har boris ya zauna, sannan ka ɗan sassauta har ka iya motsa washar da ke bayansa da bakin sukundireba, ka ƙulle ƙaramin ƙusan gefe. Bayan tafiya ta farko ka taɓa murfin giris, idan ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, ka ɗaga motar ka ƙara sassautawa.