Gumin Ƙafar Yaro da Takalmin da Ya Yi Fumfuna

A wata tattaunawa da iyaye mata suka yi kan yaro ɗan shekara 2 da ƙafarsa ke yawan gumi har takalminsa ya yi fumfuna, yawancinsu sun ɗora laifin kan takalmin roba rufaffe, domin ba ya barin iska ta shiga, kuma danshin damina, musamman a watan Agusta, yana ƙara dagula lamarin.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a tanadar wa yaro takalma biyu ana musanyawa, ta yadda kowanne zai samu yini guda ya bushe sarai kafin a sake sanya shi. Wasu sun ce a ciro shimfiɗar cikin takalmin a shanya ta daban, a cusa tsohuwar jarida ta tsotse laima. Idan fumfunar ta riga ta fito, a goge ta a waje da buroshi, a wanke da sabulu da ruwan khal, sannan a shanya a rana. Wanda warinsa ya ƙi fita kuwa gara a yar da shi, kuma a ganina wannan ita ce magana mafi gaskiya, ko da kuɗin sabo zai yi wa uwa nauyi.

Safar auduga ta fi ta nailan, a riƙa canza ta da zarar ta jiƙe. Bayan wanka a tsane tsakanin yatsu da kyau, a bar yaro ya yi yawo ba takalmi a tsaftataccen ɗaki. In fata ta fara fari tana tsagewa, ko yaro yana yawan susa, alamar cin ruwa ke nan, sai a kai shi asibiti.