Shawarwarin iyayen Aboabo kan yaran da ba sa gama firamare

A zaman da iyaye suka yi a Aboabo, Kumasi, an daɗe ana maganar yaran zango da ke barin makaranta kafin aji shida. Wani dattijo ya ce tun 2005, da gwamnati ta cire kuɗin makaranta ta fara ciyar da ɗalibai, azuzuwa suka cika. Riƙe yaran har ƙarshe ne ya gagara.

An roƙi malaman allo su mayar da karatu bayan la'asar. Wata uwa ta ce talla ce ke cinye 'yan mata, kuma gaskiya ta faɗa, kowa ya ga yarinya da faranti a ka a kasuwar Kejetia da hantsin Talata. A bar tallar sai Asabar. Uba kuwa ya riƙa duba littafin ɗansa da daddare, ko da bai iya karatu ba.