Kafa sabar RADIUS: a ina aikin ke cijewa?

Mai_Rawuta

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kula da netwok. Makaranta ce mai mutum kusan 400, na'urorin Wi-Fi 12, suwic 3, kowa na shiga da kalmar sirri ɗaya tal, wadda har mai shayin bakin get ya haddace. Ana so kowa ya koma shiga da sunansa da kalmarsa, wato tsarin 802.1X, da sabar RADIUS a bayansa, wadda ke duba suna da kalma ta ce a bari ko a hana. Duk wanda hannunsa ya taɓa aikin nan, don Allah ya faɗa mana inda yake cijewa.

Ɗan Kebul

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka haɗa komai rana ɗaya. Idan FreeRADIUS ne, wato manhajar sabar RADIUS ta kyauta, a kan Ubuntu ko Debian, fayilolin suna cikin /etc/freeradius/3.0. Kana gama girkawa, tsayar da shi, ka tashe shi da hannu da `freeradius -X`. Idan ba ka tsayar da na farkon ba, zai ce maka wani ya riga shi kama tashar. Sai ka ga "Ready to process requests" sannan ka ci gaba.

Sa mutum ɗaya na gwaji a mods-config/files/authorize, ka gwada shi da radtest, ƙaramar manhajar gwaji, daga kan sabar kanta, da testing123, sirrin tsakanin na'ura da sabar da ke zuwa da ita. Ya wuce? To, sa na'urar Wi-Fi guda ɗaya a clients.conf. Ita ma ta wuce, sannan ka jawo LDAP ko Active Directory, wato rumbun da ake ajiye sunayen masu shiga da kalmominsu. Duk canji ɗaya, gwaji ɗaya, don in abu ya ɓaci ka san hannun da ya ɓata shi.

Tashoshin UDP ne, 1812 na tantancewa, 1813 na lissafin zama. Wasu tsofaffin na'urori har yanzu 1645 da 1646 suke nema, a duba. Idan allon `freeradius -X` ya ce "unknown client", adireshin da saƙon ya fito da shi ba shi ne na clients.conf ba, galibi saboda rawuta mai adireshi da yawa ko NAT mai sauya adireshi a tsakani. Idan kuma kalmar sirri ta bayyana a allo kamar rubutun aljanu, ba laifin mai shiga ba ne, sirrin da ke tsakanin na'ura da sabar ne bai zo ɗaya ba. Idan allon bai motsa ba sam, katangar tsaro (firewall) ce ta tare.

Hajiyar Sabar

Duk abin da Malam Ɗan Kebul ya faɗa haka yake, amma akwai tambayar da ya kamata a amsa kafin a girka komai: a wace siffa aka ajiye kalmomin sirrin mutane? Nan ne mafi yawan aikin ke mutuwa, kuma sai an yi nisa ake ganewa.

Wayoyi da kwamfutoci sun fi sabawa da hanyar tantancewa ta PEAP, wato rufaffen rami da MSCHAPv2 a cikinsa. Shi kuwa MSCHAPv2 ba ya aiko wa sabar da kalmar sirri, lissafi yake aikowa, sabar ta yi nata lissafin ta gwada. Don ta iya, dole ta sami kalmar a fili, ko a niƙe (hash) irin niƙan NT na Windows. Idan OpenLDAP ɗinku ya ajiye su a SSHA, ko wata manhaja ta ajiye su a bcrypt, ko sama da ƙasa za ta haɗe PEAP ba zai yi ba. Abin haushin shi ne radtest zai ba ka Access-Accept, wato amsar an yarda, don shi PAP yake gwadawa, hanyar da ke aika kalmar kanta, in ba ka ce masa wani abu ba, sai ka ɗauka ka gama. Ka miƙa wa shugaban makaranta waya, ta ƙi shiga. Gwajin gaskiya na Wi-Fi da eapol_test ake yin sa.

Mafita biyu ce. Ta farko EAP-TTLS da PAP a ciki: kalmar na tafiya a cikin rufaffen ramin TLS, sabar ta karɓa ta miƙa wa LDAP ya ce e ko a'a. Windows tun daga na 8 ya san TTLS, Android ma haka, na'urorin Apple kuwa sai an tura masu fayil ɗin saiti kafin su yarda da PAP. Ta biyu, idan Active Directory gare ku, shi ba ya ba kowa niƙaƙƙiyar kalma ta LDAP. Sai a girka Samba da winbind, a shigar da sabar cikin domen da `net ads join`, a tabbatar da `wbinfo -t`, sannan a buɗe layin ntlm_auth, mai tambayar Active Directory ko kalma daidai ce, a mods-available/mschap. Kada a manta a sa freerad, asusun da FreeRADIUS ke aiki da shi, cikin rukunin winbindd_priv. In an manta, ntlm_auth zai yi aiki lafiya lau a hannunka, ya ƙi yi a hannun FreeRADIUS, ka kwana kana zargin abin da ba shi da laifi.

Baba Linux

Hajiya ta gama magana a nan. Ni satifiket, wato shaidar da sabar ke nuna wa waya cewa ita ce ta gaskiya, da agogo zan taɓa.

Satifiket ɗin gwaji da ake haɗawa daga babban fayil na certs kwana 60 ne ransa, sai in ka canza default_days. Aiki zai yi ta tafiya wata biyu, wata safiya kowa ya tsaya a waje lokaci guda. Ku kafa CA naku, wato mai sa hannu a satifiket, mai dogon zango, ku fitar wa sabar nata na shekara ɗaya ko biyu, ku rubuta ranar ƙarewa inda ido zai gani. Dole na sabar ya ɗauki alamar serverAuth, in ba haka ba Windows zai yanke magana tsakiyar hanya ba tare da ya faɗi dalili ba. Kuma bayan sabuntawa sai an sake tashin FreeRADIUS, don wanda ya karanta tun farko yake riƙe da shi.

Daga ƙarshen 2020, Android 11 ya fara cire zaɓin nan na "kada a tantance satifiket". Yanzu sai an sa CA a wayar, an kuma rubuta sunan domen daidai da wanda ke jikin satifiket. Mutane na ƙorafi, amma ni ina ganin gyara ne: ba tare da tantancewar ba, yaro mai laftof zai iya kafa Wi-Fi mai suna irin naku ya kwashe bayanan shigar mutane.

Agogo kuwa, a inda wuta ke ɗaukewa sau da yawa a rana ba ƙaramin abu ba ne. Batirin CR2032 na tsohuwar kwamfuta ya mutu, ko an ɗora sabar a Raspberry Pi irin wanda ba shi da agogon kansa, wuta ta dawo, kwanan wata ya koma baya. Kerberos, da Active Directory ke tantancewa da shi, ba ya yafe saɓanin agogo da ya wuce minti 5. A sa chrony mai daidaita agogo ta intanet, a canza batirin.

Mai_Rawuta

Allah ya saka da alheri. Na gwada a na'ura ɗaya, Access-Accept na fitowa, amma malami da ɗalibi duk VLAN ɗaya, wato sashen netwok ɗaya, suke faɗawa, alhali raba su nake so.

Ɗan Kebul

Abu uku ake aikawa tare, in ɗaya ya ɓace na'ura ta yi kunnen uwar shegu: Tunnel-Type = VLAN, Tunnel-Medium-Type = IEEE-802, Tunnel-Private-Group-Id = "20" ko lambar da kake so. Amma ina kyautata zaton taka matsalar daban ce. A PEAP sunan gaskiya a inner-tunnel ake ganinsa, wato sashen FreeRADIUS mai kula da cikin ramin, can ake yanke hukuncin VLAN, sai amsar ta maƙale a ciki. Duba sashen post-auth na inner-tunnel, akwai wani `if (0)` da ke kwafe amsa zuwa waje, mai da shi `if (1)`. Sannan ka karanta Access-Accept na ƙarshe a allo, ka ga ukun da idonka. Kuma tashar suwic da na'urar Wi-Fi ke kai dole ta bar VLAN ɗin ya wuce.

Na Windows

Ga masu NPS, sabar RADIUS ta Windows, maimakon FreeRADIUS. A yi masa rajista a Active Directory tukuna. A Windows Server 2019 akwai sananniyar matsala: dokokin katangar tsaro suna nan a buɗe a ido, amma saƙo ba ya shiga. `sc sidtype IAS unrestricted` da sake kunna sabar ke warware ta. A Event Viewer, 6272 an bari, 6273 an hana, kuma lambar dalili na ciki: 16 suna ko kalma ba daidai ba. Wani abu kuma, Windows 11 daga 22H2 yana kunna Credential Guard da kansa a kwamfutocin domen da suka cancanta, shi kuma wannan kariyar kalmomin sirri tana hana kwamfuta shiga Wi-Fi da kanta ta MSCHAPv2. Inda kwamfutocin na ofis ne, gara a tafi EAP-TLS, inda satifiket ke maye gurbin kalmar sirri, kowace ta karɓi nata ta Group Policy.

Mai Tikiti

Masu sayar da intanet da MikroTik, ga tamu. Ka sa Simultaneous-Use := 1 don kada mutum biyar su ci tikiti ɗaya. Wuta ta ɗauke, rawuta ta mutu ba ta aika saƙon rufe zama ba, layin kwastoma a teburin radacct ya zauna babu acctstoptime, wato lokacin fita. Wuta ta dawo, sabar ta ce ai yana ciki, ta hana shi. Na'urori da yawa suna aika Accounting-On in sun tashi don a share tsofaffin zama, amma rawuta na riga sabar tashi, saƙon ya faɗi a banza. Magani: Acct-Interim-Interval 300 don rawuta ta riƙa kawo rahoto duk daƙiƙa 300, da ɗan aikin cron mai gudana kan lokaci da ke rufe duk zaman da bai yi motsi ba minti 15, da inbata ko UPS ga sabar. Lokacin jira na 300ms da tsofaffin RouterOS ke zuwa da shi ya yi kaɗan idan sabar tana nesa, a ɗaga shi zuwa daƙiƙa 2 ko 3. Don korar mutum daga nesa kuma sai an buɗe tashar 3799.

Hajiyar Sabar

Ƙari biyu, Malam Mai_Rawuta. A Yulin 2024 aka bayyana raunin Blast-RADIUS. FreeRADIUS 3.2.5 da 3.0.27 sun zo da gyara, amma sai ka kunna require_message_authenticator ga na'urorin da suka iya, ka kuma ware zirga-zirgar RADIUS a VLAN na gudanarwa. Kowace na'ura da nata dogon sirrin, testing123 kuma a goge shi.

Na biyu, idan shiga suwic ɗin kansa zai bi ta RADIUS, bar asusun gida a kai. A Cisco layin shi ne `aaa authentication login default group radius local`. Ka bar tagar da ka shiga da ita a buɗe, ka gwada daga wata, ka cire kebul ɗin sabar ka sake gwadawa, sannan ka adana saitin. Firintoci da kyamarori ba su san 802.1X ba, a shigar da su da adireshin MAC zuwa VLAN nasu da ba ya ganin komai sai abin da ya zama dole.