"Hankali ke gani, ido gululu ne": wai hankalin nan na wa ne?

Ɗan Adar: Salamu alaikum jama'a. Jiya a Tawa na birkice ɗaki kaf ina neman makullin moto, ashe yana hannuna. Inna ta dube ni ta ce, "Hankali ke gani, ido gululu ne." Na gane faɗa ne, amma mene ne gululu?

Hajiya mai hura: Ɗana, ashe ba ka taɓa ganin kaɗi ba. Gululu ɗan dunƙulen yumɓu ne da ake sa wa mazari don ya yi nauyi ya juya. Ga shi kamar ƙwayar ido, har da huda a tsaka, amma ko auduga da ke gabansa bai gani.

Malamin zaure: Hajiya ta gama da gululu. Shi kuwa hankali baƙo ne da ya zama ɗan gari. Asalinsa Larabci, "aƙl". Fulani na cewa hakkillo, Bambara hakili, Sawahili akili, Turkawa akil. Tushen kalmar ɗauri ne: "iƙal" ita ce igiyar da ake dabaibaye raƙumi. Da wannan tushe hadisin Tirmizi ya zo, ɗaure taguwarka sannan ka yi tawakkali. Wato hankali dabaibayin mutum ne.

'Yar Yantala: Malam ka tsallake mu! A nan Yamai Zabarmawa "lakkal" suke cewa, sun riƙe lam ɗin "al", kamar yadda muka yi a lahiya da labari. Kuma "lakkal kanay" daidai yake da kwanciyar hankali. Su ma nasu kwanciya yake yi.

Ɗan Adar: To Malam, in dabaibayi ne, yaya aka yi yake gani? Igiya ba ta da ido.

Malamin zaure: Raƙumin da ya tsinke ka taɓa ganin ya tsaya duba hanya? Shi ya sa "a hankali" ya koma sannu-sannu a bakinmu.

Hajiya mai hura: Ni dai gargaɗina wajen amfani. Babba ke faɗa wa yaro. Jikata ta taɓa jefa mini shi da nake neman tabarau yana goshina, ranar ba ta sha hura ba.

'Yar Yantala: Hajiya ai gaskiya ta faɗa.

Hajiya mai hura: Ke ma kina son kwana da yunwa ke nan.